Ƙafar Ƙanwata da Fatawar Mijinta

Na ga abubuwa da yawa a duniyar nan. Wasu na manta su tun kafin in kai gida, wasu sai an tuna mini. Amma abin da ya sami ƙafar ƙanwata a Gafasa, shekarun baya kaɗan, ba zan manta da shi ba sai dai in ƙasa ta rufe mini ido. Da idona na ga namiji guda, da gemunsa da carbinsa, ya ɗauki ɗan ƙaiƙayi ya raine shi har ya zama gyambo, yana yi yana cewa ilimi ne.

Ni a Balan aka yi mini aure, a can na tsufa. Ita kuwa autarmu Gafasa aka kai ta, ta haifi tara a gidan, bakwai suna raye. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma masu cin kasuwar Ajingi sun san ƙulinta, don ba ta haɗa shi da gari, ba ta ƙona shi. Wanda bai taɓa matsar mai ba yana zaton wasa ne. Tun hantsi take tsaye a kan turmi, tana juya markaɗen gyaɗa da taɓarya, tana ɗiga ruwan zafi, har mai ya taso. In ta gama ta koma bakin kasko, nan ma rabin tuyar a tsaye. Shekara da shekaru ƙafafun nan biyu suna ɗauke da ita a wuri ɗaya kamar an kafa turke.

Mijinta manomi ne. A ƙuruciya ya ɗan zauna gaban wani malami na 'yan watanni, sai ya tashi yana ganin an gama zuba masa karatu. Tun daga nan babu maganar da za a yi a gabansa bai ce "ai a littafi" ba. Ciwon kai, a littafi. Ranar da za a yi shuka, a littafi. Wane littafi ne, har yau ban ga wanda ya taɓa ganin bangonsa ba.

Ni ko bihim ban iya ba, amma gyambo na san shi kamar yunwar cikina. Innarmu da shi ta bar duniya, kuma ni ce mai wanke tsummokaran. Na san warinsa. Na san yadda maƙwabta kan karɓi tuwonta su yi godiya, in ta juya baya su zuba wa awaki. Auta ba ta da wayo a lokacin, ba ta riƙe komai ba. Ni kuwa a gabana ya fara, na san kamarsa tun bai buɗe baki ba.

Da kaka ne na je Gafasa barka, matar ɗan Auta ta haihu. Bayan la'asar Auta ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafa, ta ɗauki guntun kara tana sosa sama da idon sawunta na hagu, ta ciki. Mutane suna ta hayaniyar jariri, ni ƙafar nake kallo. Ta kumbura har silifa ya bar mata shaida. Fatar wurin ta yi duhu kamar gindin tukunya, ta bushe, tana sheƙi, tana ɗan ɓarewa. Jijiyoyin sharaɓarta sun yi ruɗu-ruɗu, sun nannaɗe kamar tsohuwar igiyar guga. Na matsa kusa na danna babban yatsana a ƙwaurin, na ɗaga, ramin ya zauna bai taso ba.

Na ce, "Auta, tun yaushe ƙafar nan take haka?"

Ta ce, "Wace ƙafa? Gajiya ce kawai, Yaya. Da safe sai ta saɓe, da yamma ta dawo. Nauyi dai take yi mini kamar na ɗaura dutsen niƙa."

"In kin kwanta kin ɗaga ta fa?"

"Sai in ji daɗi."

Na ce, "To haka ta Inna ta fara. Ki je asibiti tun fatar ba ta fashe ba."

Ashe mai gidan yana ƙarƙashin rumfa yana jinmu. Ya gyara murya ya ce, "Yaya, wannan ai ba na asibiti ba ne. Mataccen jini ne ya taru, ba kya ganin baƙin? A littafi, ƙaho ne maganinsa. Ga wanzaminmu nan, tun zamanin kakana gidansu ke yi mana."

Na ce, "Malam, fatar nan ta gaji. In aka sa mata aska ba lallai ta haɗe ba."

Ya yi dariya ya ce, "Yaya ke nan, likitar Balan."

A nan ne na yi nawa kuskuren, ba zan ɓoye ba. Mijin ƙanwa suruki ne, ga gida cike da baƙi, sai na haɗiye maganata. Washegari na ɗaure kayana na koma Balan, ina ce wa kaina ai na faɗa.

Ba a yi wata guda ba aka kira ni a waya, aka ce ƙafar Auta ta ƙi. Da na isa na tarar wanzami ya yi mata tsaga a wuri uku. Biyu na sama sun warke. Na ƙasan nan, wanda ke tsakiyar baƙar fatar, ya buɗe ya kai faɗin ƙwayar goro. Ba shi da zurfi, cikinsa ja, bakinsa ba daidai ba, yana tsiyayar da ruwa mai launin ruwan ɗorawa. Kuma likitan gidan, wato mijinta, bai zauna ba. Ya fasa kafso mai ja da rawaya ya barbaɗa. Da bai ga sauƙi ba ya sa toka. Daga baya ya ce a bar shi a buɗe, wai ciwo iska yake so. Iskar ba ta zo ba, ƙudaje suka zo. Ina zaune wata maƙwabciya ta shigo da kwanonta sayen ƙuli, ta dubi ƙafar, ta dubi tiren, ta ce, "Au, na manta da tukunya a wuta, zan dawo." Auta ta sunkuyar da kai. Ni na san wannan "zan dawo" ɗin, na ji shi a ƙofar ɗakin Inna.

Wannan karon ban nemi izini ba, sanarwa na yi. Na ce, "Malam, gobe zan kai 'yar'uwata Gaya. In littafin ya hana, ka biyo mu da shi." Don kada a ce an fita da matarsa yana zaune, ya sa babbar riga ya bi mu, yana mita tun daga tasha har ƙofar asibiti.

Wata malamar asibiti muka samu, dattijuwa ce, ba ta da yawan magana. Ta wanke ciwon da ruwan gishirinsu, tana fitar da toka da garin kafso, ta ce, "Wa ya zuba wannan?" Mai littafi ya ɗaga kai yana nazarin fankar silin. Ta ɗora yatsu a bayan ƙafar ta yi shiru tana sauraro da hannu, ta huda ɗan yatsan Auta ta duba suga, ta ce babu. Sannan ta yi mana bayani da Hausar da ko ni na ɗauka. Ta ce jini yana sauka ƙafa ta hanya ɗaya, ya koma sama ta wata. Hanyar sauka lafiyarta lau, shi ya sa ta ji yana bugawa, kuma da ba ta ji ba da ba za ta ɗaure ƙafar ba, don ɗauri a kan ƙafar da jini ba ya isa cuta ne. Hanyar komawar ce ta saki, saboda yawan haihuwa da yawan tsayuwa, wani lokaci kuma gado. Ta ce kamar guga ne mai huda, kin jawo, rabin ruwan ya koma rijiya. Jinin sai ya kwanta a ƙasa, ya kumbura ƙafa, ya ɓata fata, fatar da ta ɓaci kuwa ko ƙaya ta karce ta sai ta zama aiki, balle aska.

Ta rufe ciwon da auduga mai tsabta, ta ɗauko bandeji mai talewa ta naɗe ƙafar tun daga gindin yatsu har ƙasan gwiwa, ɗauri bisa ɗauri, sumul kamar an zana. Ta liƙe bakinsa da filasta a ƙasan gwiwa ta waje.

Mai gidan ya ce, "Shi ke nan? Babu allura?"

Ta ce, "Babu mugunya, babu zazzaɓi, allura ba ta da aiki a nan. Maganin yana cikin ɗaurin nan, shi zai taya jinin komawa sama. Kada a kwance shi, kada a jiƙa shi, ku dawo duk mako in canza. In ta ji yatsunta sun mutu, ko sun yi sanyi, ko zafi ya tsananta, ku zo a ranar, kada ku jira. Ta riƙa kwanciya tana ɗora ƙafar a kan abin da ya fi ƙirjinta tudu. Ta riƙa tafiya, tsayuwa wuri ɗaya ce ba ta so."

Na koma Balan da sanyin zuciya. Duk mako sai in hau mota mu haɗu a Gaya. Mako na farko ciwon yana nan yadda yake. Na biyu ya ƙara faɗi. Na uku bakinsa ya yi fari kamar hannun mai wanki, ya kusa kai tafin hannun jariri. Malamar ta dubi Auta ta ce, "Baiwar Allah, kina kwance ɗaurin nan?" Auta ta saci kallon mijinta ta ce, "A'a." Da za mu fita malamar ta ja ni gefe ta ce, "Iya, wani abu yana faruwa a gida. In aka ci gaba a haka, wannan zai koma irin wanda ake shekaru da shi."

Ni dama na riga na ga abin da na gani. Malamar filasta take liƙawa ta waje. Ƙafar da muke kawo mata kuwa, bakin bandejin a cuse yake ta ciki, irin cusar da mace ke yi wa ɗankwali, kuma duk ya zame ya taru a idon sawu kamar wandon da tazugensa ya tsinke. Daga Gaya ban koma Balan ba, na bi su Gafasa na ce na zo kwana biyu.

Washegari da aka kira azahar Auta ta ɗauki buta ta zaga bayan ɗaki. Na ƙirga a raina lokacin da alwala ke ci, ya wuce, ba ta fito ba. Na tashi na bi ta. Ga ta a kan kujera 'yar tsugunno, bandeji a warware a tare bisa cinyarta, audugar a gefe a kan bulo, tana kwarara ruwan rijiya a ƙafar, yana bi ta kan ciwon, tana cije leɓe.

Na ce, "Me kike yi?"

Ta firgita har butar ta faɗi. "Alwala, Yaya."

"Sau nawa a rana?"

"Sau huɗu. Wata rana biyar."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da muka fara dawowa." Sai hawaye. "Malam ne ya ce sallar da ruwa bai taɓa ƙafa ba, ba salla ba ce. Ya ce gara ƙafar ta lalace da in tashi gobe ƙiyama ba ni da salla ko ɗaya. Ya ce kada in faɗa wa 'yan asibiti, su boko suka sani. Yaya, ya zan yi? In bar salla saboda ƙafa?"

Na so in yi mata faɗa, bakina ya ƙi. Wace mace ce za a ce mata ta zaɓa tsakanin sallarta da ƙafarta ta zaɓi ƙafa? Mako uku baiwar Allah tana warware maganinta da hannunta, tana mayarwa sako-sako, tana yi wa mai yi mata magani ƙarya, duk don tsoron Allah. Shi kuwa mai fatawar ƙafafunsa biyu lafiya lau, yana taka su zuwa majalisa.

Na tuna lokacin da marigayi mai gidana ya karye a hannu, aka yi masa ɗori da karare, na ga yana jiƙa hannu yana shafawa a kan ɗaurin. Amma na san in na faɗa, za a ce likitar Balan ta zama malamar Balan. Maganar da ta fito daga bakin gemu, sai gemun da ya fi shi ne zai kashe ta.

Bayan la'asar na yafa mayafina na nufi gidan limamin unguwar. Tsufa yana da ranarsa, babu mai hana tsohuwa tsayawa a ƙofar zaure. Na tarar da shi da mutane kamar shida, cikinsu har da surukin nawa, ya harɗe a gaba-gaba yana jan carbi. Da ya gan ni carbin ya tsaya. Na durƙusa daga bakin ƙofa na yi gaisuwa.

Na ce, "Allah gafarta Malam, tambaya na kawo. Wata baiwar Allah ce take da ciwo a ƙafa, masu magani suka ɗaure, suka ce in an kwance ko an jiƙa ba zai warke ba. Yaya za ta yi da alwala?"

Liman ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne, Iya. Ta wanke sauran gaɓoɓinta yadda ta saba. In ta zo kan ƙafar, yatsun da ke waje ta wanke su in ba zai cutar ba, sauran ta jiƙa hannu ta shafa a kan ɗaurin sau ɗaya. Alwalarta ta yi, sallarta ta yi."

Na ce, "To ita kwancewa take yi kowace salla, har ciwon ya ninka."

Ya ce, "Subhanallahi! Wa ya sa ta?"

"Wani mai karatu ne ya ba ta fatawa."

Liman ya girgiza kai ya ce, "Wannan ko yaran da ke karatun tsarki sun san shi. Allah bai ɗora wa bawa abin da zai cutar da shi ba. Wanda ya faɗa mata haka ya ɗauki alhakinta, ya je ya nemi gafararta."

Ina jira in ga ko kunya za ta sa surukin nawa ya sunkuya. Ina! Sai ji na yi ya gyara murya ya ce, "Wallahi, Allah gafarta, abin da nake faɗa ke nan kullum. Mutane ba sa tambaya. Kowa ya tashi sai ya ba da fatawa."

Na dube shi tun daga hula har yatsun ƙafa. Na ce, "Gaskiyarka, Malam. Sai ka taso ka raka ni gida ka maimaita mata, don ta fi jin taka."

Wani dattijo a gefe ya kama tari, tarin da bai da alaƙa da ƙirji. Liman ya dubi tabarma. Surukina ya nemi takalmansa, sai da ya sa na wani kafin ya gane nasa.

Da muka shiga gida ya tsaya a tsakar gida ya ce wa Auta, "Na ƙara bincikawa, ashe akwai sauƙi a kan mas'alar nan. Daga yau shafa za ki riƙa yi." Ko kallona bai yi ba. Na bar masa, don ba nasara na zo nema ba, ƙafa na zo ceta. Washegari muka koma Gaya, Auta ta faɗa wa malamar gaskiya da bakinta. Malamar ba ta yi faɗa ba, ta dai yi ajiyar zuciya ta sake ɗaurewa.

Kwana arba'in na yi a gidan ina gadin filastar nan. Bayan azahar sai in shimfiɗa mata tabarma a ɗaki, in jawo buhun gyaɗa in ɗora matashi, ta ɗora ƙafa a kai. Mai gidan ya fara gunaguni, wai mace kwance da rana tsaka ƙafa a sama ba tarbiyya ba ce. Na ce masa, "In kana so mu je mu tambayi liman." Bai sake ba. Muka sa kafinta ya yi mata doguwar kujera don aikin turmi, in ta zauna ta riƙa motsa ƙafar sama da ƙasa kamar mai taka keken ɗinki, da yamma kuma mu taka zuwa rijiya mu dawo. Mako guda da barin ɗaurin a wurinsa kumburin ya saɓe. Mako na biyu ruwan ya ragu, bakin ciwon ya fara jan sabuwar fata. Amma ɓarnar kwana ashirin ba a kwana ashirin take gyaruwa ba. Sai da aka yi ruwan shuka sannan ya rufe gaba ɗaya.

Ranar da aka sallame ta malamar ta ba ta doguwar safa mai matsewa, ta ce ta riƙa sawa da safe tun kafin ƙafar ta kumbura, ta riƙa shafa wa fatar mai, don irin wannan ciwon yana son dawowa. Ta kuma ce da mun zo tun ana ƙaiƙayi da baƙin fata, da wataƙila safar nan da ɗaga ƙafa sun wadatar. Wannan maganar ni ta soka, don ni ce na gani a lokacin na koma gida. Yau Auta tana tuyarta, da tabo fari-fari a sama da idon sawu. Masu sayen ƙuli sun dawo da kaɗan-kaɗan, wasu har yau ba su dawo ba. Gafarar da liman ya ce a nema kuwa, na tambaye ta sau ɗaya ko an nema, ta yi dariya ta ce, "Yaya, bar maganar."

Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, sai dai ba su faɗa ba cewa sau da yawa ba a wuyan mai shi ake ɗaura shi ba. Abin da na koya shi ne, gyambo ba rana ɗaya yake zuwa ba, yana aiko da sallama: nauyin ƙafa da yamma, kumburi, ƙaiƙayi, fatar da ta yi duhu a sama da idon sawu. Yanzu in na ga mace tana sosa wurin nan, ko a gidan biki ne, ko mijinta yana tsaye, sai na faɗa, kuma ba na tashi sai na ji ranar da za ta je. Ciwo a kai shi gun masu duba ciwo, tambayar salla a kai ta zauren liman, kuma a kai da wuri. Wanda ya zauna a tsakar gida ya ce shi ne likita shi ne limami, ki gaishe shi da ladabi, ki ɗauki mayafinki ki wuce. Ƙafar taki ce, in ta lalace ba zai ara miki tasa ba.